Hutun Uba Bayan Haihuwa: Shawarwarin da Aka Bayar

A wata tattaunawa da aka yi kan hutun da uba ke ɗauka daga aiki idan matarsa ta haihu, abin da aka fi nanatawa shi ne miji ya karanta takardar ɗaukar aikinsa tun cikin matarsa yana ƙarami, domin doka daban, abin da ma'aikata ke bayarwa daban. Dokar ma ba ɗaya ba ce. A Ingila uba na samun har mako 2. Tarayyar Turai ta wajabta aƙalla kwana 10 na aiki tun dokar 2019. A Amurka dokar 1993 ta ba da mako 12, amma babu albashi, kuma sai wurin aikin yana da ma'aikata 50 ko fiye. Suwidin kuwa kwana 480 take bai wa iyaye su raba, 90 daga ciki na kowanensu ne, ba a miƙa wa ɗayan.

An ɗan ja in ja kan lokacin ɗauka. Wasu sun ce a ɗauke shi duka ranar haihuwa, wasu suka ce a rage kaɗan sai uwar ta koma aiki. Ni dai na fi karkata ga na farko in an yi tiyata, don mai jego ko ɗaga jariri yana mata wuya.

Sanarwar ɗaukar hutun kuma a rubuce za a ba shugaban wurin aiki, a adana kwafi.