Kamshaf ɗin tsohon Honda C90 ya karye: walda ko a nemi wani?

Mai babur, Funtuwa: Assalamu alaikum. Babur ɗin mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa, da shi ya yi shekaru yana zuwa gona da kasuwa. Shekaranjiya ina kan hanyar Bakori sai na ji ƙas-ƙas daga kan injin, nan take ya mutu, kik kuma ya koma sakayau. Da bakanike ya kwance sai ga kamshaf, wato sandar ƙarfen da ke buɗe bawul a kan injin, ya rabu biyu, dab da inda sifirokit (faifai mai haƙora da cen ke ja) ke zama. Ya ce a kai wa mai walda. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya gaya mini yadda ya ƙare, ba na son rabuwa da babur ɗin nan.

Tsohon ɗan acaɓa, Kano: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Ni na yi waldar a Jincheng ɗina, tun kafin a hana acaɓa a Kano a 2013. Sati uku ya yi mini. Da ya sake karyewa, a gefen waldar ya karye, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Kuɗin da na guje wa sai da na biya ninki.

Mai gyaran ƙarfe, Panteka, Kaduna: Ɗan'uwa, kafin a kunna injin walda a fara sanin irin ƙarfen. A goga bakin karayar a jikin giranda. In tartsatsin gajere ne ja-ja, ƙarfen zubi ne. In dogo ne mai haske, ƙarfe ne mai ɗaukar walda. Na zubi ba ya son zafin gaggawa: sai an gasa shi duka tukuna, a yi amfani da sandar nikel, sannan a binne shi cikin toka ko busasshen yashi ya huce a hankali. Wanda ya tsoma shi a ruwa ya gama da shi. Duk da haka zafi yana karkatar da shi, shi ya sa nake ɗora shi a injin lez in juya in gani. Na haɗa da dama da hannuna, kuma gaskiyar da nake gaya wa masu su ita ce aikin na lallaɓawa ne zuwa a samu wani.

Bakanike, Zariya: Malam, ni tambayata daban ce. Me ya karya shi? Kamshaf ba ya karyewa haka kawai, yawanci ƙishin baƙin mai ne yake sa ya cije a mazauninsa, cen kuma ya ci gaba da ja. A irin injin nan mai yana hawa kan injin ne ta wata 'yar siririyar hanya, kuma ɗan guntun gam ɗin gasket ya isa ya toshe ta. Uku na kwance a bara, duk gam na tarar. Wannan matsala ce ma ta sa kamfanin Honda ya fito da CG125 a tsakiyar shekarun 1970, ya mayar da kam ɗin ƙasa kusa da mai, saboda ƙasashen da ba a juye baƙin mai a kan kari. Ka sa a hura hanyar da iska, a wanke rariyar mai, a duba famfon. Kafin a rufe, a sassauta murfin bawul a tayar a ga mai yana isowa da ido.

Mai Honda 70, Maraɗi: Nawa na hannu na samo daga wani mataccen inji, shekara huɗu ke nan lafiya lau. Ka tafi da karyayyen a aljihu ka gwada su kai da kai, don waɗannan injinan suna kama amma kam ɗinsu ba duka ɗaya ba ne. Ka canza roka (ƙarfen da kam ke turawa ya danna bawul) tare da shi, tsohon roka mai rami yana cinye sabon kam. Wajen ɗaurawa, alamar T ta magineto ta zauna a kan tsagar jikin injin, alamar O ta sifirokit ta fuskanci tsagar kan injin. Tazarar bawul milimita 0.05, inji na sanyi.

Mai babur, Funtuwa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga na Zariya, maganarka ta fito. Yau muka zaro wani jan gam kamar zare daga hanyar man, mazaunin kam ɗin ma ya ƙoje. Bawul ɗin shan mai ya lanƙwashe, fistin dai bai fashe ba. Na fasa waldar. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shiga Kano da karyayyen da kan injin gaba ɗaya, in fara dubawa a Fagge. Malam na Maraɗi, tunda mazaunin ya ci, kana ganin in sayi kai sukutum da kam ɗinsa a ciki?