Wai me za mu kira "sample" da Hausa?

Jama'a ku taimaka, ina rubutu ne kan albam na biyu na A Tribe Called Quest, ƙungiyar mawaƙan hip-hop ta Amurka, wato The Low End Theory da ya fito 24 ga Satumba 1991, kuma ba yadda za a yi ka yi maganar faifan nan ba ka ambaci sample ba. Abin nufi shi ne a yanko ɗan guntun kiɗa daga tsohon faifai a yi ta maimaita shi har ya zama gindin sabuwar waƙa. Kamar bes ɗin (kiɗan tsirkiya mai kaurin amo) da ya buɗe Excursions, waƙar farko a albam ɗin, daga faifan jaz na makaɗin ganga Art Blakey da ƙungiyarsa Q-Tip, mawaƙi kuma mai haɗa kiɗan A Tribe Called Quest, ya ciro shi.

Da na yi tambayar nan wasu sun kawo samfuri, aro, sata da tsakure. Masu cewa samfuri don Allah ku yi haƙuri, samfuri shi ne wanda ɗan kasuwa zai nuna maka kafin ka sayi kaya, ba ruwansa da kiɗa.

Aro kuma ya ɗan zauna a kunne amma ai abin aro mayarwa ake yi, wannan kuwa in ya shiga ya shiga ke nan. Wani bawan Allah ya ce kawai a kira shi sata, na yi dariya amma fa ba a banza ya faɗa ba, don a ƙarshen 1991 ɗin nan wata kotu a Amurka ta kama mawaƙin hip-hop Biz Markie da laifin ɗaukar kiɗan mawaƙi Gilbert O'Sullivan ba izini, daga nan kamfanoni suka shiga taitayinsu, sai an nemi izini an biya. To wanda ya biya kuma ka ce masa ɓarawo?

Malam da ya kawo tsakure, Allah ya ƙara basira, saura ƙiris in karɓa. Matsalar ita ce tsakure yana nan yadda aka tsakuro shi, shi kuwa Q-Tip sai ya ɗauko ganga daga nan ya ɗora kan wata daga can, a tace a ƙara wa bes nauyi, injiniyan sautinsu Bob Power ya share ƙurar tsohon faifan, in ka ji sai ka rantse tare aka haife su.

Ni dai na tsaya kan dashe. Yadda ake cire yabanyar albasa daga inda aka yafa iri a kai ta wani fage ta kama ƙasa ta yi girma. Kuma yana juyuwa a baki, Q-Tip ya dasa kiɗan Blakey, waƙar nan dashe uku ne a cikinta, wane gwanin dashe ne.

Ga gwaji a cikin albam ɗin kansa. A waƙar Verses from the Abstract, makaɗin jaz Ron Carter ne da kansa ya zo situdiyo ya kaɗa bes da hannunsa, bisa sharaɗin ba ashar a waƙar. Wannan ba dashe ba ne, kiɗan hannu ne. Na Excursions kuwa dashe. Masu haɗa kiɗa ku gwada faɗarsa a situdiyo mu ji ko yaranku za su gane.