Bayan Peugeot 206 ya zauna: shokazoba ne ko aksul?

Injiniya Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Duk tsohuwar motar da bayanta ya zauna, musamman Peugeot 206 da 306, tun kafin a leƙa ƙarƙashinta sai makanikan bakin titi su ce wa mai ita ya sayo shokazoba. Ya sayo, a ɗaura, a sauke jak, mota ta koma yadda take. Shokazoba ba ya ɗaukar nauyin mota, aikinsa hana ta tsalle-tsalle bayan ta faɗa rami. A 206 ko naɗaɗɗen sifirin babu a baya. Sandunan toshon ne guda 2 kwance a gicciye, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama, murɗuwarsu ce ke riƙe da motar. Kowace taya tana kan hannun ƙarfe da ke juyawa a jikin fin, wani guntun sandar ƙarfe da ke jikin aksul, tsakaninsu boris mai allurai guda 2, wato 4 a aksul ɗin gaba ɗaya. Sil, robar da ke tare ruwa, ya tsufa, ruwan damina ya shiga, giris ya wanke, alluran su yi tsatsa su ci fin ɗin. Shi ne za ka ga saman tayoyin ya karkata ciki, taya na gogar bodi, gefenta na ciki yana cinyewa. Asarar da ake jawo wa talaka ta isa haka.

Oga Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Injiniya, su waye na bakin titi? Motocin da ke yawo tsakanin Kano da Kaduna da Jos wa ke riƙe da su shekara da shekaru, in ba waɗannan mutanen da ka raina ba? Ka janye kalmar tukuna.

Injiniya Bashir: Oga, ban zagi kowa ba. Wurin aiki na faɗa.

Oga Ɗanladi: Ba wuri ka faɗa ba, daraja ka faɗa. Mai garejin da ke da rufi da tayil ma yana canza shokazoba a banza. Me ya sa shi ba ka ambace shi ba?

Sani Rewaya: Gaskiya Oga ya faɗa. Ana ƙuntata wa masu sana'ar hannu a zauren nan. Kullum mu ne masu laifi.

Baba Tanimu: Yara, ku saurara. Bashir ɗana, maganarka a kan 206 daidai ce, amma ka haɗa ta da 306 kamar aksul ɗinsu ɗaya, kuma ba ɗaya ba ne. A 306 da 405 fin ɗin yana jikin hannun, boris yana cikin bututun aksul. In aka bari ya lalace sosai, bakin bututun ne ke cinyewa, daga nan sabon boris ba zai zauna daram ba. A 206 kuwa fin yana jikin bututun, boris yana cikin hannu. Wanda bai san wannan ba zai sayo kayan da ba su ne ba. Gwajin kuma ba ya buƙatar rufi ko tayil. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, but babu kaya, iskar tayoyi daidai. A auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodin da ke saman taya, hagu da dama. In bambancin ya wuce santimita 1, akwai magana. Sai a ɗaga ta, a tokare ta da abin tokara na ƙarfe, kada kowa ya shiga ƙarƙashi da jak kaɗai. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi wasa, a ja birkin hannu a sake girgizawa. Wasan ya ɓace, boris ɗin wili ne. Yana nan, na hannun aksul ne. Wani lokaci ƙarfin toshon yana ɓoye wasan, sai an sa dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar an ɗaga za a ji shi.

Malam Habu Mai Golf: Baba Allah ya ƙara girma. Amma Injiniya ya ce shokazoba ba ya sa baya ya zauna, wannan ba gaskiya ba ne. A Golf 3 sifirin yana zaune ne a kan farantin da ke jikin shokazoba. Farantin ya yi tsatsa ya ɓalle, baya ya faɗi nan take, kuma maganinsa sabon shokazoba. Ashe na bakin titin sun fi ka sani.

Injiniya Bashir: Malam Habu, a nan ma mazaunin sifirin ne ya karye, ba man da ke cikin shokazoba ne ya daina ɗaukar nauyi ba. Ni 206 nake magana.

Malam Habu Mai Golf: Ka ce "duk tsohuwar motar". Koma sama ka karanta. Ga Mercedes W124 wagon, bayanta yana daidaita kansa da mai, in man ya zube ko bawul ɗin ya mutu sai ta zauna. Kuma dama wa ya aiki mutum ya sayi motar da aksul ɗinta ke ruɓewa daga ciki? Golf sifirin 2, bushin 2, ka gama.

Oga Ɗanladi: A'a Malam Habu, nan kuma ba ma tare. Peugeot aka haɗa a Kaduna, ita ta san hanyarmu. 504 da ke ɗaukar kaya har gobe Golf ce?

Malam Habu Mai Golf: 504 daban, 206 daban. Kada ka fake da sunan uba.

Oga Ɗanladi: To 406 fa? Naɗaɗɗen sifirin gare ta a baya kamar taka, kuma ta fi taka zama a hanya. Laifin ba na mota ba ne, na lodi ne. A zuba buhu 4 na masara mai kilo 100 a bayan ƙaramar mota, a ɗora fasinja a kai, wane sifirin ne ba zai gaji ba? Akwai faranti a jikin mota da aka rubuta iyakar nauyinta, wa ke dubawa? Direbobi ke kashe mota, a zo a zagi makanike.

Malam Habu Mai Golf: Yanzu kuma kan direbobi aka dawo? Ku da kuke cusa guntun taya tsakanin zoben sifirin ku ce an gyara?

Ɗan Panteka: Wannan cushen ba gyara ba ne, yana hana zoben motsi sai nauyin ya taru a sauran, su karye. Sifirin da ya gaji ana canza shi bibbiyu, hagu da dama tare. Amma a kan fin ɗin 206, ba dole sai sabo ba. Ana cike inda ya cinye da walda, a kai wa mai inji ya goge ya dawo da awonsa.

Baba Tanimu: Ɗana, wannan aikin ba ya ƙarko. Fatar fin ɗin asali an gasa ta ta yi tauri, walda ba ta kai ta ba. Alluran boris sun fi ta ƙarfi, za su tona mata rami cikin ɗan lokaci, taya ta sake karkata. In za a yi, a fitar da tsohon fin a danna sabo da injin matsa, a sa boris 4 da sil sababbi, a cika giris. Masu sa bushin tagulla maimakon boris su huda wurin ɗura giris, in ba haka ba hannun zai ƙage. Sandar toshon kuwa ko kusa kada wuta ta taɓa ta. Akwai ramin noti M8 a ƙarshenta, nan ake ɗaura abin fizga bayan an cire ɗan faifan ƙarfen da ke kulle ta, a jiƙa haƙoran da ke ƙarshen sandar da mai tun da wuri. A yi mata alama kafin a zare, domin ta hagu ba ta zuwa dama.

Ɗan Panteka: Baba, mai motar da ba shi da kuɗin sabon fin ya ajiye ta ke nan? Waldar ma sana'a ce. Ko mu ma na bakin titi ne?

Sani Rewaya: Ka gani ko. Har yanzu Injiniya bai janye ba.

Injiniya Bashir: Sai an daina ɗaura shokazoba a motar da boris ɗinta ya mutu zan janye.

Alhaji Sabo Mai Kayan Gyara: To jama'a, a matsayina na mai kula da zaure bari in rufe haka. Abin da aka cimma: shokazoba ba shi ne matsalar 206 ba, kowa ya yarda. Walda ba ta ƙarko, Baba ya tabbatar. Canza fin yana buƙatar injin da ba kowane gareji ke da shi ba. Saboda haka hanya mafi sauƙi ita ce a je Ƙofar Ruwa ko Panteka a sayi aksul ɗan Beljiyam sukutum a ɗaura. Maganar bakin titi kuma a bar ta, Injiniya ba da mugun nufi ya faɗa ba.

Oga Ɗanladi: Alhaji, wa ya ambaci ɗan Beljiyam in ba kai ba? Kuma wa ya ba ka izinin yafewa a madadinmu?

Baba Tanimu: Alhaji, ban ce haka ba. 206 ta fito tun 1998, aksul ɗin da ke kasuwa ya sha gishirin da ake zuba wa hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara, sau da yawa shi ma alluransa sun tafi. Mai saye ya duba wasan hannayen da tsatsar da ke fitowa bakin sil kafin ya biya, ya tabbata birkinsa irin na motarsa ne, na ganga ko na faifai, da ABS mai hana taya kullewa ko babu. In an ɗaura, a daidaita tsayi: a cire shokazoba, a sa sandar awo a madadinsa tsawo ɗaya hagu da dama, a juya toshon har haƙoransa su shige ta ɓangare biyun ba tare da duka ba, domin yawan haƙoran ƙarshen nan da na can ba ɗaya ba ne. Notin shokazoba sai mota ta sauka kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba bushin ya yage. A fitar da iska daga birki. Motar da ke da bawul ɗin birki mai bin nauyin baya, a sake saita shi, don in tsayi ya canza tayoyin baya suna iya kullewa kafin na gaba.

Sani Rewaya: Allah ya saka Baba. Injiniya, muna jiranka.