Neman kalmar Hausa: me za mu kira "depression" idan da matasa muke magana?

1/
Jama'a, barkanmu da warhaka. Akwai kalmar da nake so mu tsayar wa da suna, musamman ku malamai masu koyar da darasin lafiya, da masu fassara, da ma'aikatan asibiti. Kalmar ita ce "depression". Abin da ya fi yawo a kafafen labarai shi ne "ciwon damuwa" ko "tsananin damuwa". Ni dai ban gamsu da su ba idan ɗan shekara 14 za a koya wa, kuma ina da sunan da nake ganin ya fi. Amma kafin a raɗa suna, sai an san abin da ake raɗa wa.

2/
Ba ranar da mutum ya tashi rai a ɓace ake nufi ba. Likitoci ba sa kiran abu da wannan suna sai ya kai mako 2 yana tare da mutum, kusan kullum, kusan duk yini. Kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya jera alamomi 9. Sai an samu aƙalla 5, kuma dole a cikinsu a samu ɗayan biyu: ko dai rai ya kasance a dagule, ko kuma komai ya fita daga ran mutum, har abin da a da yake ɗoki a kai. Sauran su ne barci ya ƙaurace ko ya yi yawa, ci ya ragu ko ya ƙaru, kasala, nauyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, kasa tara hankali, mutum ya riƙa ganin kansa ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa.

Ku riƙe wannan, don za mu dawo kansa: kundin ya ce a wurin yara da matasa abin yana iya fitowa da siffar saurin fushi da ƙufula. Yarinyar da ta koma faɗa da kowa, ta daina kula ƙawayenta, karatunta ya yi baya, ba lallai ba ne rashin kunya ta koyo.

3/
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce 1 cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma kisan kai yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke 'yan shekara 15 zuwa 29. Ke nan a aji mai ɗalibai 70, kusan 10 ne darasin ya shafa kai tsaye, ko da ba su ɗaga hannu ba.

4/
To me ya sa ba "damuwa" ba?

Na farko, kalmar ta gaji da aiki. "Ba damuwa." "Kada ka damu." "Ka dame ni da surutu." Wanda wayarsa ta faɗi yana cikin damuwa, wanda jarrabawa ta matso yana cikin damuwa. Idan yaro ya yi ta maza ya ce wa babba "ina da damuwa", duk mun san amsar da ke jiran sa: "Kai ɗin nawa kake da za ka san damuwa? Ci ake ba ka, sha ake ba ka."

Na biyu, kuma shi ya fi tsaya mini a rai: damuwa tana tafe da tambayarta. Da ka ce kana cikin damuwa, sai a ce "me ke damun ka?" Ana jiran ka nuna wani abu da yatsa, wane ya yi mini kaza, kaza ya ɓace. Wannan ciwo kuwa sau da yawa ba shi da abin nunawa. Yaron zai duba gida lafiya, makaranta lafiya, ba wanda ya taɓa shi, amma ransa kamar an ɗora masa dutse. Me zai ce? Sai ya ce "ba komai". Mahaifiya ta ce "to madalla", magana ta mutu a nan. Shi kuma ya koma ɗaki da ƙarin nauyi, yana ganin kansa butulu, tunda ga shi ba abin da ya rasa.

Na uku, da wannan kalma ɗaya muke fassara "stress", da ita muke fassara "anxiety", da ita muke fassara "worry". Mai bugun ƙirji da tsoron abin da bai zo ba daban, wanda duniya ta fice masa a rai daban, ko da yake sau da yawa ciwukan biyu kan haɗu a kan mutum ɗaya.

5/
Waɗanda na ajiye gefe ba tare da doguwar shawara ba:

"Baƙin ciki" yana da ma'ana ta biyu da kowa ya sani. Ka ce "mai ciwon baƙin ciki" a aji, kafin a tashi an samu wanda za a laƙa wa ɗan baƙin ciki, wato mahassadi. (Abin sha'awa, likitocin Girka na da can suna kiran ciwon "melancholia", wato baƙin ruwan matsarmama, don sun ɗauka shi ke jawo shi. Su ma baƙi suka hango a cikin ciki.)

"Mutuwar zuciya" zagi ne, ragwanci ake nufi, kuma shi ne ainihin ƙazafin da ake yi wa masu ciwon. "Karayar zuciya" ta ɗan lokaci ce, ana ƙarfafa mutum ya miƙe. Ga shi kuma duk inda "ciwo" ya haɗu da "zuciya", hankali wurin likitan zuciya yake tafiya.

"Taɓin hankali" kuwa, babu matashin da zai yarda ya sa kansa a ciki, babu uwar da za ta yarda a sa ɗanta.

6/
An ce mini mu ara kawai, mu rubuta "difireshin", kamar yadda muka ari suga da taifot da maleriya. Ba na ƙin aro. Amma waɗancan ana ɗibar jini a gwada, na'ura ta faɗi sakamako, ko mai ciwon ya fahimci sunan ko bai fahimta ba. Wannan babu gwajin jinin da ke nuna shi. Da magana ake gano shi. Ɗaya daga cikin takardun tantancewar da aka fi amfani da su a duniya, PHQ-9, tambayoyi 9 ce kawai ake yi wa mutum game da makonni 2 da suka wuce. Ciwon da sai an yi magana ake gane shi, sunansa na bukatar ya zama wanda yaro zai ji ya ce "wannan ni ne", mahaifinsa ma ya ji ya gane. Ban da haka, matasan intanet sun riga sun tsotse kalmar aron, ƙungiyar ƙwallon mutum ta sha kashi ya rubuta cewa ya shiga difireshin.

7/
Kada wani ya ce duk wannan wasan malamai ne da kalmomi. A Japan, a 2002, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta sauya sunan ciwon "schizophrenia", wata babbar lalurar ƙwaƙwalwa, daga wanda ke nufin "tsagewar hankali" zuwa wanda ke nufin "tangarɗar haɗuwar tunani", bayan iyalan marasa lafiya sun roƙa. Kafin sauyin, kusan kashi 37 cikin 100 na masu ciwon ne ake faɗa wa sunan abin da ke damun su. Zuwa 2004 sun kai kusan kashi 70. Mu ma mun ga irin haka. Akwai lokacin da ake ce wa ƙanjamau "kabari kusa". Wa zai kai kansa gwaji da wannan suna a kunne? "Cuta mai karya garkuwar jiki" ta faɗi abin da cutar ke yi, ba ta yanke wa kowa likkafani ba.

Amma sauƙaƙawa ma tana da nata haɗarin. A Japan ɗin dai, wajen shekarar 2000, tallan magunguna ya yayata wa wannan ciwo da muke magana a kai laƙabin "murar zuciya". Mutane sun saki jiki sun je asibiti, sai dai mura kwana kaɗan take yi ta wuce, wannan kuwa yakan ɗauki watanni, yakan kuma dawo. Suna ya zama bai tsorata ba, bai kuma raina ciwon ba.

8/
Wata 'yar'uwa da ke aikin jinya ta kawo "ciwon yawan tunani". Malama, wannan shawara tana da ƙarfi, kuma kina da abokan ra'ayi. A Zimbabuwe masu harshen Shona suna cewa "kufungisisa", wato yawan tunani, har kundin DSM-5 ya ambace ta. Da wannan kalma likita Dixon Chibanda ya gina shirinsa na bencin abota, inda aka horar da dattawan mata su zauna su saurari masu ciwon. Mu ma muna cewa "tunani ya yi masa yawa", "ta sa abu a ranta".

Inda na rabu da ke shi ne, maganin da kalmar ke jawowa a bakin mutane shi ne "to ka daina tunani mana". Sannan matasa da yawa ba tunani ne ya cika musu kai ba, cewa suke kan nasu fayau yake, ba sa jin komai. A bar ta a matsayin hanyar buɗe hira da yaro, amma ba sunan da za a rubuta a allo ba.

9/
Abin da nake ba da shawara: ciwon ƙuncin rai.

Ƙunci matsi ne, rashin yalwa, wurin da ba a iya sakewa. Asalin kalmar Turancin ma daga Latin take, ma'anarta dannewa ƙasa, don haka ba mu yi nisa da juna ba. Ƙunci ba dole sai an nuna wanda ya jawo shi ba. Mutum yana iya cewa "raina a ƙuntace yake, ban san dalili ba", kuma Hausar ta zauna daidai, ba wanda zai ce ya yi baragada. Gwada faɗin haka da damuwa ka ji yadda za a dube ka.

Sannan ku tuna maganar saurin fushi. Idan Bahaushe ya ce "yaron nan ƙunci gare shi", yana nufin mai ɗaure fuska, mai saurin ƙufula, wanda ba a gane gabansa. Ke nan kalmar ta riga ta ɗauko siffar da ciwon kan fito da ita a matasa, abin da "damuwa" da "baƙin ciki" ba su taɓa ba sam.

"Rai" kuma yana aiki biyu. Yana raba mu da ƙuncin rayuwa na rashin abin hannu, yana kuma haɗa sunan da yadda masu ciwon ke bayyana kansu: komai ya fita a raina, raina ba daɗi, na gaji da raina. "Ciwo" shi ke cewa ba hali ba ne, ba raunin imani ba ne, abu ne da ake kai wa asibiti kamar hawan jini.

Tana kuma haihuwa: mai ciwon ƙuncin rai, maganin ciwon ƙuncin rai, ciwon ƙuncin rai na bayan haihuwa. A jimla: "Idan ƙuncin rai ya kai mako biyu, ya hana ka barci ko karatu ko shiga mutane, ya zama ciwo. Faɗa wa babban da ka yarda da shi, a kai ka ga likita. Idan tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka jira mako biyu, faɗa a ranar."

10/
Ƙorafe-ƙorafen da suka shigo, biyu ne masu nauyi.

Wani malami ya ce ta yi tsawo. Gaskiya ne, Malam, kalma uku ce. Amma "ciwon hawan jini" ma uku ce, baki ya gutsure ta da kansa. Idan wannan ta zauna, za ta koma "ciwon ƙunci" ba tare da an yi taro ba.

Na biyu ya fi wuyar amsawa: "ciwon damuwa" ta riga ta shiga kunne, sauya ta zai rikita mutane. Ban musa ba, kalmar da mutane suka saba da ita tana da haƙƙi. Shawarata ita ce a farkon darasi a ce "ciwon ƙuncin rai, wanda wasu ke kira ciwon damuwa", daga nan a ci gaba da sabon. Damuwa ta koma gidanta na yau da kullum. "Anxiety" idan ta zama lalura a ce ciwon fargaba, "stress" kuma matsin lamba ya ishe ta.

11/
Dalilin da ya sa nake matsawa a raba su tun a aji shi ne darasin da ke biyo baya, na giya da ƙwayoyi. Matashin da bai san abin da ke cin sa ciwo ba ne, shi zai nema wa kansa magani, kuma abokai ba sa rasa abin miƙa masa: giya, kodin, tiramadol, wiwi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin yakan lafa na 'yan sa'o'i, ya dawo da ƙarfin da ya fi na da, ga jaraba ta ƙaru a kai. Alhali maganin gaskiya ga matashi, idan ciwon bai yi tsanani ba, da zaman tattaunawa da ƙwararre ake fara shi. Ƙwayar asibiti irin fluoxetine sai likita ya rubuta, kuma sai an sa ido sosai a makonnin farko, domin tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kisan kai ga wasu yara da matasa.

12/
A nan ne kuma wata kalmar ta tare ni. Littattafan darasi suna kiran giya da ƙwayoyin barci "depressants". Na ga inda aka fassara ta da "masu sa damuwa", wanda kuskure ne. Ana nufin abubuwan da ke rage saurin aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, magana ta ja, ƙafa ta harɗe, numfashi ya yi ƙasa, shi ya sa haɗa biyu daga cikinsu ke iya tsayar da numfashi gaba ɗaya. Na rubuta "masu kashe jiki", kishiyar "masu zaburarwa", amma ina tsoron yaro ya ɗauka kasala kawai ake nufi. Masu harhaɗa magunguna da ke nan, me kuke ce musu idan kuna yi wa iyaye bayani?