Yadda ake auna aikin Cynthia Kenyon kan ƙwayoyin gadon tsufa

Shawarar da masana suka fi nanatawa wajen auna aikin mai bincike ita ce kada a tsaya ƙirga yawan takardun da mai bincike ya wallafa. A duba ko wasu sun maimaita gwajin sun sami abin da ya samu.

Ta wannan fuska aikin Kenyon, masaniyar ilimin halittu, ya tsaya da ƙafarsa. A 1993, a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ta nuna cewa sauyi a ƙwayar gado guda, daf-2, yana ninka rayuwar tsutsar C. elegans, wadda a al'ada ba ta wuce mako biyu zuwa uku. Amma sai wata ƙwayar gado, daf-16, tana aiki. In aka kashe ta, ƙarin kwanakin ya tafi. A 1997 ɗakin binciken wani masanin, Gary Ruvkun, ya gano daf-2 'yar'uwar makarɓar insulin ce a jikinmu.

Mai son maimaita gwajin, aka ce ya riƙe zafi a digiri 20 na Salshiyos, ya ciyar da tsutsotsin bakteriya iri ɗaya, ya riƙa taɓa su da siririyar wayar filatinom; wadda ba ta motsa ba, ta mutu ke nan. Wadda ta hau bangon faranti ta bushe, ko ƙwai ya ƙyanƙyashe a cikinta, a cire ta daga lissafi.

Babban tarkon kuwa shi ne gadon da ke ɓoye, wato wasu sauye-sauyen ƙwayoyin gado da ba a san tsutsar na ɗauke da su ba. Dole a yi ta barbarar tsutsar da asalin jinsinta sau da yawa. Rashin haka ne ya sa a 2011 tasirin ƙara tsawon rai da aka danganta wa wata ƙwayar gado, sir-2.1, ya ragu ƙwarai da aka sake gwadawa.