Ballpark: ni dai ina ganin mu ce "dandalin besbol"

Jama'a, musamman masu rubuta labarin wasanni, ku zo mu tsayar da magana kan kalmar ballpark, wato wurin da Amurkawa ke buga besbol. Yawancinmu "filin wasa" muke rubutawa. Ba kuskure ba ne, sai dai da ita muke kiran Wembley, da ita muke kiran na Sani Abacha da ke Kano, ga shi kuwa tsofaffin wuraren besbol ba irin wannan ginin ba ne.

A besbol, tsakiyar fili ce doka ta ƙayyade: ƙafa 90 daga wannan matsaya zuwa ta gaba, wato wuraren da mai dukan ƙwallo ke bi da gudu bayan ya doka. Katangar baya kuwa, a zamanin da aka gina tsofaffin nan, kowane gari ya bi yadda fegin da ya samu a cikin unguwa ya ba shi.

Ku dubi Fenway na Boston, wanda aka buɗe a 1912. Titin Lansdowne ne ya matse shi ta hagu, har katangar ta zo kusan ƙafa 310 kawai daga inda mai dukan ƙwallo ke tsayawa. Katangar doguwa ce, ƙafa 37, kuma a 1947 aka shafe ta da koren fenti, shi ya sa ake mata laƙabi da Koren Dodo. Allon maki a jikinta yake, har yau mutane ne ke zama a cikin katangar suna sauya lambobi da hannu.

Wrigley na Chicago an buɗe shi a 1914. A 1937 aka dasa tsiro mai yaɗo ya lulluɓe katangar bulo. Idan ƙwallo ta shige cikin ganye ta ɓace, ɗan wasa ɗaga hannuwa yake yi, alƙali ya ba mai duka matsaya biyu. Ana kallon wasa daga kan rufin gidajen da ke tsallaken titi. Ba a ma sa masa fitilun dare ba sai 1988.

To wannan ai dandali ne. Gidajen da suka kewaye shi su ke yanke masa faɗi, kuma shi wuri ne na mutanen unguwa.

Tarihin ma yana buƙatar kalmomi biyu. Da fari da katako ake gini, gobara ta yi ta cinyewa, har aka koma ƙarfe da kankare a 1909 da Shibe Park a Philadelphia da Forbes Field a Pittsburgh. Ebbets Field na unguwar Brooklyn a New York ya biyo a 1913. 'Yan ƙungiyar Dodgers da ke wasa a can suka bar shi bayan kakar 1957 zuwa Los Angeles, aka rushe shi a 1960, aka gina gidajen haya a wurin. Abin da ya zo bayansu manyan gine-gine ne zagayayyu, kusan kamarsu ɗaya, ana besbol ana ƙwallon Amurka a ciki: Cincinnati da Pittsburgh a 1970, Philadelphia a 1971. Waɗannan su ne "filin wasa", kuma duka ukun an rushe su. Da Baltimore ta buɗe Camden Yards a 1992, tsohon salo ta koma wa, ta bar tsohon sito na jirgin ƙasa a tsaye bayan katanga. In kalma ɗaya gare mu, ta yaya za mu ba da wannan labarin?

Na san wasu za su ce "fage". Fage yana da kyau, amma a kunnena wurin karawa yake nunawa, kamar fagen dambe, bai ɗauko 'yan kallo da unguwa ba. Masu cewa dandali ya zama na sada zumunta a intanet kuwa, da zarar an ce "dandalin besbol" ko "dandalin Fenway" ruɗani ya kau.

'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku faɗa mana yadda ta zauna a kunnenku kafin mu fara rubuta ta a labarai.