Wai Sun Wukong ɗin nan shi ne Gizon 'yan China?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a. Ƙanina ya ishe mu da wani gem na biri mai sanda, Black Myth: Wukong, wai asalinsa tsohon labarin China ne, da na ɗan leƙa sai na ga kamar halin Gizo, ga ɓarna ga wayo. Wanda ya san labarin ya warware mana don Allah.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Daga littafin Xiyouji yake, wato tafiya zuwa yamma, babi 100 ne, ana jingina shi ga Wu Cheng'en. Birin, wato Sun Wukong, dutse ne ya fashe ya fito, ba uwa ba uba, ya koyi rikiɗa kala 72, sandar kuma a wurin sarkin tekun gabas ya karɓe ta ƙarfi da yaji, tana girma tana ƙanƙancewa har ta koma kamar allura ya cusa ta a kunne. Amma ni ban yarda Gizo ba ne malam. Gizo rashin ƙarfi ne ya sa shi wayo, wannan kuwa ƙarfi gare shi ga girman kai, da fadar sama ta ba shi muƙami ya gano ashe tsaron barga ne, nan take ya kifar da tebur ya yi tafiyarsa.

Maman Ilham:
Hhhh Baban Khalifa ka tsallake wurin daɗin! Buddha ya ce masa in ka isa ka fice daga tafin hannuna, shi ko gogan naka alkafura ɗaya yana cin li 108,000 (li ma'aunin nisan tafiya ne na 'yan China), ya yi ta tafiya har ya tarar da ginshiƙai biyar ya ce to nan ne ƙarshen duniya, ya yi rubutu a jikin ɗaya don shaida, bai tsaya nan ba sai da ya tsula fitsari a gindin wani. Ya dawo yana cika baki, ashe yatsun Buddha ne, ga rubutun ga zarnin. Shekara 500 ya yi danne a ƙarƙashin dutse. Wannan fitsarin fa in ba Gizo ba wa zai yi?

Ɗan Kurna:
Kai! To wa ya fito da shi?

Baban Khalifa:
Malamin addinin Buddha ne, Tang Sanzang, shi an ɗauko shi daga mutumin gaske, Xuanzang, da ya je Indiya neman littattafai ya dawo a 645. Sai da aka sa wa birin wani zobe a ka, da ya fara rashin ji malamin zai yi karatu zoben ya matse shi har ya riƙa birgima.

Ɗan Kurna:
Ina ake sayar da zoben nan, ƙanin nawa nake so in saya wa.